GAMIN ƘARFE BA ALGUS BA NE: LABARIN FILATINAM DA ISKAR OKSIJIN

Duk wanda ya taɓa zama a garejin bakanike a nan Jalingo ya ji ana maganar "indomi." Ba taliyar da yara ke so a ke nufi ba. Wani abu ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda masu ƙera mota su ke sa wa cikin bututun salansa don ya tace hayaƙi. In ka ɗauke shi a hannu ba za ka ce ya kai kuɗin goro ba, amma masu sayen tsofaffin ƙarafa suna nemansa ruwa a jallo. Dalili kuwa shi ne, an shafe cikin ramukan nan da wasu ƙarafa masu tsada, waɗanda nauyinsu duka bai wuce giram kaɗan ba. Sunansu filatinam, da faladiyam, da rodiyam. Na farkon ne na ke so in yi mana bayani a kansa, amma ba a kan aikinsa na cikin salansa ba. Akwai wani aiki da ya ke yi wanda ya fi wannan wuya, watau taimakon iskar oksijin ta zama ruwa don a sami lantarki. A wurin nan masana sun gano wani abin mamaki: in an gama filatinam da ƙarfe mai araha, ba lalacewa ya ke yi ba, ƙara ƙwazo ya ke yi.

Mu da za mu fita koyarwa, wannan magana ta shafe mu. A darasin kimiyya mu kan gaya wa yara ana gamin ƙarafa don su ƙara tauri, ko don kada su yi tsatsa, ko don a rage tsada. Mu kan ba su misalin tagulla, da zinariyar da maƙeran farfaru ke gama ta da jan ƙarfe, da tsohon sule na 1959 wanda gamin jan ƙarfe da nikel ne. Duk gaskiya ne, amma akwai dalili na huɗu, kuma shi ne ya fi ban sha'awa.

Filatinam farin ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai, ya fi zinariya nauyi, ba ya tsatsa, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768. Mutanen Sifen ne su ka sa masa suna a ƙasar Kolombiya, ma'anar sunan kuwa "'yar azurfa," don raini, gama ya kan shiga cikin zinariyar da su ke wankewa a rafi ya dame su. Yanzu abin da a ke haƙowa a duniya duka a shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ta wuce tan 3,000. Wajen kashi 70 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu ya ke fitowa, daga duwatsun Bushveld, inda Hans Merensky ya tabbatar da jijiyarsa a 1924. Sauran, yawancinsa daga Rasha ne da Zimbabuwe. Sai an fasa tan guda na dutse kafin a sami giram kaɗan.

MURHU MARAR HARSHEN WUTA

In an kunna wa iskar haidirojin wuta a cikin iska, sai ta ƙone ta haɗu da oksijin, a sami ruwa da zafi. A 1839 wani lauya mutumin Wales, William Grove, ya nuna ana iya wannan haɗi ba tare da harshen wuta ba, a sami lantarki maimakon zafi kaɗai. Ya raba iskokin biyu, kowace da bututunta, ya sa sililin filatinam cikin kowane, ya tsoma su cikin asid, ya haɗa su da waya. Na'urar da ta fito daga wannan dabara masana suna ce mata fuwal sel. Ni zan kira ta murhun lantarki, domin kamar murhu ta ke, muddin ana iza mata makamashi ba ta mutuwa, ba kamar batir ba da ke ƙarewa. Da ita kumbon Amurka Gemini 5 ya sami wuta a 1965. Da ita kuma motar Toyota Mirai ke tafiya, wadda aka fara sayarwa a Japan a Disamba 2014. Abin da ke ɗiga daga bayan motar nan ruwa ne zalla.

Ga yadda irin ta mota ke aiki. Akwai wani tantani siriri a tsakiya, bai kai kaurin takardar littafi ba. Ta gefe guda a turo haidirojin, ta ɗaya gefen a turo iska. A gefen haidirojin filatinam ya kan raba kowace ƙwayar zarra da ilektiron ɗinta. Ƙwayar da aka yi wa tsirara, wadda a ke kira furoton, sai ta ratsa tantanin. Ilektiron kuwa ba shi da hanya ta nan, tilas ya zaga ta waya, zagawar nan tasa ita ce lantarkin da ke juya injin. A ɗaya gefen su sāke gamuwa: ƙwayar oksijin ɗaya, da furoton 4, da ilektiron 4, su zama ƙwayar ruwa 2. Wannan mataki na ƙarshe masana sun ba shi suna mai ruɗarwa, wai "ragin oksijin." Kada ɗalibi ya zaci rage yawanta a ke yi. A bakin masu kimiyya, duk abin da ya karɓi ilektiron an ce an rage shi.

To, a nan gizo ke saƙa. Gefen haidirojin ba shi da gardama, ɗan filatinam kaɗan ya ishe shi. Gefen oksijin kuwa nawa gare shi, ya fi ɗan'uwansa jinkiri fiye da sau dubu ɗari. Ƙwayar oksijin tagwaye ce, zarra biyu a ɗaure tamau, sai an kwance su, sa'an nan a ba su ilektiron huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki da nasa cikas. Bisa lissafi, kowane ɗaki na murhun ya kamata ya ba da bolt 1.23. Amma in yana aiki, abin da a kan samu tsakanin 0.6 ne da 0.7, kuma mafi yawan hasarar a gefen oksijin ta ke. Saboda haka can a ke jibga yawancin filatinam.

Mai karatu zai ce, me ya hana a sa wani ƙarfe? Abu biyu. Na ɗaya, tantanin nan asid ne, wurin kuma da ɗumi, wajen digiri 80, ga oksijin. Baƙin ƙarfe ko nikel in aka sa su tsirara nan da nan za su narke, kamar ƙusa cikin ruwan batir. Na biyu ya fi zurfi, sai mun tsaya a kansa.

Aikin da filatinam ke yi a nan shi ne na katalis. Katalis dillali ne: ba shi ne mai kaya ba, ba shi ne mai saye ba, ya haɗa su ciniki ya faɗa, ya juya ga na gaba. Wani masani Bafaranshe, Paul Sabatier, wanda ya sami kyautar Nobel a 1912, shi ne ya bayyana sharaɗin katalis na kirki. Ku tuna da masu ginin ƙasa sa'ad da katanga ta yi tsawo. Na ƙasa ya jefa tubali, na tsakiya ya cafe ya miƙa wa magini. In hannun na tsakiya sako-sako ne, tubali ya faɗi, ba a yi kome ba. In kuwa ya cafe ya ƙanƙame ya ƙi saki, hannunsa a cike ya ke, na ƙasa sai ya tsaya jira, nan ma aiki ya tsaya. Wanda a ke so shi ne mai cafewa da kyau, mai saki da wuri. Zinariya hannunta sako-sako ne wajen oksijin, shi ya sa ba ta dushewa, shi ya sa kuma ba ta iya wannan aiki sosai. Baƙin ƙarfe da nikel masu ƙanƙamewa ne, ƙanƙamewar ce mu ke gani mu ce tsatsa. Filatinam yana tsakiya. A 2004 Jens Nørskov da abokan aikinsa a Danmak su ka yi lissafin ƙarafa da yawa da kwamfuta, su ka jera su bisa ƙarfin riƙonsu. Jerin ya fito kamar tudu: masu sako-sako a gindi ta nan, masu ƙanƙamewa a gindi ta can. Filatinam ya fi kowane ƙarfe zalla kusa da ƙololuwa, amma bai hau ta ba. Yana ɓangaren masu ƙanƙamewa. Riƙonsa ya ɗan yi yawa, har rabin-ruwan da bai gama zama ruwa ba, watau oksijin ɗaya da haidirojin ɗaya, ya kan manne a fuskarsa ya tare wa sabuwar oksijin wurin sauka.

Ashe abin da a ke nema ba ƙarfe mai ƙarin ƙarfi ba ne. Filatinam a ke so wanda hannunsa ya ɗan sassauta.

NIƘA DA GAMI

Kafin mu zo ga sassautawar, bari mu ga dabara ta fari, wadda ba ta da wuyar ganewa. Dillancin nan a fuskar ƙarfe kaɗai a ke yinsa. Zarrar da ke binne a ciki zaman banza ta ke. Giram ɗaya na filatinam in aka dunƙule shi bai fi ƙwayar dawa girma da yawa ba, faɗin fuskarsa kuwa bai kai na farcen babban yatsa ba. Amma in aka mai da giram ɗin nan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 3, fuskarsu gaba ɗaya za ta kai wajen murabba'in mita 90, watau ta fi daɓen ajin da mu ke koyarwa a ciki. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. A kan barbaɗa ƙwayoyin a kan garin kabon mai laushi kamar kunkunniya, don kada su dunƙule. Da irin wannan dabara masu bincike na Los Alamos a Amurka, a ƙarshen shekarun 1980, su ka rage filatinam daga miligiram 4 zuwa wajen 0.4 a kowane murabba'in santimita.

Duk da haka bai isa ba. An ƙiyasta Mirai ta fari tana ɗauke da wajen giram 30. Ga lissafin da za ku iya ba 'yan aji: in an ɗauki tan 190, aka raba giram talatin-talatin, mota nawa za a samu? Miliyan 6 da 'yan kai. A 2023 kuwa duniya ta ƙera motoci fiye da miliyan 90. Niƙa kuma tana da iyaka, gama in ƙwayoyin su ka ƙanƙance ƙasa da nanomita 2 ko 3, sai gefe da kusurwa su yi yawa, zarrar da ke kusurwa kuwa ta fi ƙanƙame oksijin, ta kuma fi saurin narkewa.

Nan ne gami ya shigo. Tun wajen 1980 injiniyoyin kamfanin United Technologies su ka lura filatinam da aka gama da banadiyam ko kuromiyam ya fi zalla aiki. A 1983 Jalan da Taylor su ka ce asirin yana ga tazarar da ke tsakanin zarra da zarra. A 1993 Mukerjee da Srinivasan a Texas su ka nuna gamin nikel, da na kobalt, da na kuromiyam suna yin haka cikin murhu mai tantani. An daɗe ana gardama a kan dalili, domin abin yana da ɗaure kai. Nikel ya fi filatinam ƙanƙame oksijin. Yaya za a gama mai ƙanƙamewa da wanda ya fi shi ƙanƙamewa, a sami mai sassauci?

Amsar ita ce, nikel ba ya taɓa oksijin ko kaɗan. In aka gasa gamin, zarrar filatinam ta kan taso sama ta rufe fuska, nikel ya koma daga ƙarƙashi. In kuma aka jiƙa shi cikin asid, nikel na fuska ya narke ya tafi, filatinam ya rage. Ko ta wace hanya, abin da a ke samu ƙwaya ce mai fatar filatinam, kaurin zarra ɗaya zuwa uku, cikinta kuwa gami. Riba ta fari a fili ta ke: cikin ƙwaya, inda dā ma zaman banza a ke yi, an cika wani sashinsa da ƙarfen da ya fi araha fiye da sau dubu. Amma babbar riba ita ce abin da na cikin ke yi wa fatar.

Zarrar nikel ta fi ta filatinam ƙanƙanta. Tazarar da ke tsakanin zarra biyu maƙwabta a filatinam nanomita 0.277 ce, a nikel 0.249. Gaminsu yana tsakani. To, fatar nan ba ta da zaɓi, tilas ta bi shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, kamar a ce an zaunar da 'yan aji shida a bencin 'yan aji uku, kowa a mazaunin ƙaramin yaro. Sai su matsu, kafaɗa ta danne kafaɗa. Yaron da ke matse haka, in ka jefa masa ƙwallo zai cafe, amma ba zai rungume ta kamar wanda ke sake ba. Haka zarrar filatinam: in ta matsu da maƙwabtanta, ilektiron ɗinta na waje, waɗanda da su ta ke riƙo, sun fi shagala da maƙwabta, abin da ya rage na kama baƙo ya ragu. Matsin ba shi da yawa, kashi ɗaya ne ko biyu ko uku cikin ɗari, amma ya isa. Peter Strasser da abokansa sun auna wannan a 2010 da gamin filatinam da jan ƙarfe, su ka nuna gwargwadon matsi gwargwadon sassauci. Ban da matsi kuma akwai tasirin maƙwabtaka: zarrar nikel da ke daf da fatar tana musayar ilektiron da filatinam na samanta, wannan ma yana sāke halin riƙo. Tasirin maƙwabtaka ba ya wuce zarra ɗaya ko biyu, matsi kuwa ya fi shi nisa. Cikin ƙwaya ta gaske su biyun a cakuɗe su ke.

Nan ya kamata malami ya ja kunnen ɗalibai, kada su ɗauka ƙara nikel ƙara alheri ne. Tudun nan yana da gangara ta ɗaya gefen. In matsi ya wuce kima, hannu ya saki da yawa, sai a koma halin zinariya.

A 2007 aka buga sakamakon da ya girgiza masu wannan fanni. Vojislav Stamenkovic da Nenad Markovic da abokan aikinsu a Amurka su ka ɗauki gamin filatinam kashi 3 da nikel kashi 1, su ka yanka shi ta fuskoki dabam dabam. Kun san mai kasa lemo a faifai yana iya jera shi layi bisa layi, murabba'i-murabba'i, yana kuma iya cusa kowane lemo a tsakanin biyu, jeri ya fi matsewa. Haka zarra ke jeruwa a fuskokin ƙarfe. A fuskar da ta fi matsewa, gamin ya fi filatinam zalla mai irin wannan fuska aiki sau 10, ya kuma fi garin filatinam da a ke amfani da shi a lokacin sau 90, in an gwada faɗi da faɗi. Sauran fuskokin ba su yi kusa da haka ba. Watau ba abin da aka gama kaɗai ke magana ba, har da yadda zarra ta jeru.

Daga nan sai tsere ya tashi. Wasu su ka koyi yin ƙwayoyi masu fuska takwas, kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu, domin duk fuskokin irin wannan siffa masu matsattsen jeri ne. A 2014 ƙungiyar Peidong Yang ta Berkeley tare da ta Stamenkovic su ka yi abin da ya fi wannan dabara. Su ka ƙera ƙwaya mai nikel da yawa, su ka bar cikinta ya zaizaye, sai gefunan kaɗai su ka rage, kamar tsaikon ɗaki kafin a baibaye shi, iska na shiga ta ko'ina. Giram da giram, wannan tsaiko ya fi garin filatinam na kasuwa aiki sau 36.

INDA WAHALA TA KE

Wanda ya ji sau 90 da sau 36 zai zaci magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma a ganina wannan sashe ne ya fi cancanta a koya wa yara, domin yana nuna bambancin ɗakin gwaji da hanya. Alkaluman nan an same su ne cikin kwalbar asid mai tsabta, a kan ɗan faifai mai juyawa, da lantarki kaɗan. Cikin murhun gaske, inda a ke jan wuta da yawa, iska na ƙoƙarin kutsawa, ruwa na ƙoƙarin fita, ribar ta kan sauko ta zama ninki kaɗan.

Sa'an nan ga tsufa. Mun saba cewa katalis ba ya canzawa bayan aiki. A kan allo haka ne, amma cikin mota ba haka ba ne. Duk sa'ad da direba ya taka totur ya saki, ƙarfin lantarkin ya hau ya sauka, fatar filatinam ta yi ɗan tsatsa ta warware. A hankali zarra na ɓallewa daga ƙananan ƙwayoyi tana komawa kan manya, babba ya ci ƙarami, faɗin fuska ya ragu. Kusurwoyin mai fuska takwas su lalace, ta zama dunƙule. Mafi muni, nikel ko kobalt na ciki ya riƙa sulalowa. Hasara biyu ke nan: matsin da a ke taƙama da shi ya tafi, ƙarfen da ya fita kuma ya shiga tantani ya zauna a mazaunin furoton ya tare hanya. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe sun fi ɓarna, gama baƙin ƙarfe yana haddasa wasu ƙwayoyi masu cin tantanin kansa, jan ƙarfe kuma ya kan ƙaura ya lulluɓe filatinam na gefen haidirojin. Saboda haka Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ba ta tsaya ga ƙwazon ranar fari ba. Ma'aunin da ta kafa shi ne amfiya 0.44 ga kowane miligiram na filatinam a bolt 0.9, kuma bayan an hau an sauka sau 30,000 kada hasara ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ƙaramar mota ana so murhunta ya yi awa 5,000 zuwa 8,000. Babbar motar kaya kuwa 25,000 zuwa 30,000.

Magungunan da a ke gwadawa su ma gami ne. A 2007 ƙungiyar Radoslav Adzic ta Brookhaven ta ɗiga zinariya kaɗan a kan ƙwayoyin filatinam, su ka jure hawa da sauka 30,000 ba su rage kirki ba. A 2015 masu bincike a Los Angeles su ka sa ɗan molibdinam a fuskar masu fuska takwas, ya zauna a gefuna ya riƙe su. Amma hanyar da ta fi burge ni ita ce ta tsari. A gami na kullum zarra a warwatse ta ke, kamar 'yan kasuwa ran kasuwa. In aka gasa shi da zafi mai yawa, sai kowace ta sami mazauninta, filatinam a nasa layi, kobalt a nasa, kamar yara a fareti. A wannan tsari kowane kobalt yana ɗaure da maƙwabtansa na filatinam, fitarsa ta yi wuya. Ƙungiyar Héctor Abruña ta Jami'ar Cornell ta nuna haka a 2013, da gashin digiri 700. Cikas ɗin shi ne, zafin da ke kawo tsari shi ne kuma ke sa ƙwayoyi su narke su haɗe, a rasa ribar niƙa. A 2021 wasu masana a birnin Hefei na ƙasar Sin su ka sa farar wuta cikin garin kabon, ta riƙe ƙwayoyin kamar turke, su ka gasa har digiri 1,000 ba su wuce nanomita 5 ba.

Abin da ya shiga mota kuwa ba zakaran ɗakin gwaji ba ne. Toyota gamin filatinam da kobalt ta sa wa Mirai, ƙwayoyi marasa wata siffa ta ƙawa, waɗanda ribarsu ba ta kai ta tsaikon nan ba amma an san halinsu, ana kuma iya yinsu da yawa.

Yanzu ina mu ke cikin labarin nan? Ban ga alamar motar haidirojin za ta bi hanyar Jalingo zuwa Wukari nan kusa ba, kuma bai kamata mu yi wa yara alkawarin haka ba. Haidirojin ba a haƙo shi kamar man fetur a sayar. Sai an kashe makamashi an raba shi da ruwa ko da gas, sa'an nan a matse shi a tulu mai tsada. Ga gidajenmu da makarantunmu, faifan sola da batir sun fi kusa da hannu. Amma ku duba inda kayan gamin su ke fitowa. Filatinam daga Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Kobalt, wajen kashi 70 cikin ɗari daga Kwango. Sunayen da na lissafa a sama kuwa, Berkeley, Cornell, Brookhaven, Hefei, ba na Afirka ko ɗaya. Haƙar ma ba ta arha ba ce ga masu yinta: ran 16 ga Agusta 2012 'yan sanda su ka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki a mahaƙar filatinam ta Marikana. Afirka ta Kudu ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 2008 ta kafa shirin bincike mai suna HySA don ta riƙa yin katalis da kanta, a 2022 kuma aka gwada wata ƙatuwar motar haƙar ma'adini mai aiki da haidirojin a Mogalakwena. Mu kuma jikokin maƙera ne. Mumuye na ƙasar Zing da Yorro sun narka tama tun kafin zuwan Turawa, maƙeran tagulla na kwarin Binuwai kuma sun san yadda ɗan ƙarin wani ƙarfe ke sāke launi da amo da tauri. Tambayar da su ke yi a bakin zuga ita ce masu nanomita ke yi: nawa za a sa, da wane zafi, kuma zai daɗe?

Har jikinmu ma wannan aiki ya ke yi. Oksijin da mu ke shaƙa, a can cikin ƙwayoyin jiki a ke ba ta ilektiron huɗu ta zama ruwa, katalis ɗin da ke yin haka kuwa ba filatinam cikinsa, baƙin ƙarfe ne da jan ƙarfe zaune kusa da juna. Ganin haka ya sa wasu masana ke ƙoƙarin yin katalis da baƙin ƙarfe da naitirojin da kabon kawai. Sun kusa kamo filatinam wajen ƙwazo, amma wajen jimrewa cikin asid da sauran tafiya.

Ga wanda za a tura makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ana iya nuna gindin maganar da kayan kasuwa. A sami ruwan wanke ciwo mai kumfa, watau haidirojin ferokzaid, a kantin magani, a zuba a kofi biyu, a jefa ɗan yankin ɗanyar hanta ko yis cikin ɗaya. Wanda aka sa wa zai yi ta tafasa da kumfar oksijin, ɗayan yana zaune shiru. Yara sun ga dillali ke nan. Sa'an nan a fere fensir biyu kai da gindi, a tsoma su cikin ruwan da aka narka garin soda na yin burodi, a haɗa su da batir mai bolt 9. Kada a yi da gishiri, gama shi iskar kulorin ya ke fitarwa, mai cutar da huhu. Kumfa za ta taru a bakin kowane fensir, haidirojin a ɗaya, oksijin a ɗaya. Bayan minti biyu a cire batir a maye gurbinsa da mitar masu gyaran rediyo. Za ta nuna lantarki na fitowa daga fensiran, sa'an nan ya yi ta raguwa har ya ɓace. Irin abin da Grove ya gani ke nan a 1839, sai dai shi da filatinam ya yi. Matsin fata kuwa, a kira manyan yara biyar a zaunar da su a bencin 'yan aji ɗaya, a jefa musu ƙwallo su riƙa miƙa wa juna, sa'an nan a ƙara na shida da na bakwai, har a kai inda ba mai iya ɗaga hannu ya cafe.